Littafin Ma'aji Ya Je Damagaram

Ban nemi zama ma'aji ba, ina wanka aka naɗa ni. Na fito na tarar da saƙo fiye da 60 a zauren WhatsApp na 'yan ajinmu, na ƙarshe-ƙarshen duk barka ce da addu'ar Allah ya taya riƙo. Hujjarsu wai tun muna makaranta ni ke riƙe kuɗin adashi, kuma ba a taɓa jin dala ɗaya ta yi ƙafa ba. Da na nuna wa maigidana sai ya kwashe da dariya ya ce, "Hajiya, wasu da kuɗinsu suke sayen rigima, ke da kuɗin mutane za ki saya."

Mu ne 'yan 2005 na wata makarantar koyon aikin lafiya a Damagaram, masu jinya da masu karɓar haihuwa. Shekara 20 ke nan da fitowarmu, aka ce a koma a ga juna, a kuma haɗa da liyafar dare ta neman gudummawa, wadda 'yan boko ke ce wa gala, don a yi wa makarantar wani abin da za a riƙa tunawa da mu. Na je kasuwa na sayi littafi mai baƙin bango irin na masu kanti, na raba kowane shafi gida uku: suna, alkawari, da abin da ya shigo hannu. Shi na fara sa wa a jaka kafin tufafi.

Daga Yamai zuwa Damagaram kusan kilomita 900 ne, kuma tun kafin assalatu bas ke tashi. Hunturu ne, kowa ya ƙudundune. Mun wuce Kure da duhu, ko inuwar raƙumin dawa ban gani ba, ko da yake yarinyar da ke kusa da ni ta rantse ta hango wuyan ɗaya. Ni dai na ce itace ne. Doso, Dogon Dutsi, sai Ƙonni inda 'yan canji ke kaɗa naira da sefa a bakin taga, sai ƙurar simintin Malbaza, sai buhunan albasar Galmi jere a gefen kwalta. A Madawa, garinmu, ƙanena na jira a tasha da fura da ƙunshin kilishi. Minti 10 direba ya ba mu, a cikinsu ya ba ni labarin rasuwa biyu da aure ɗaya, ya kuma karɓi kuɗin maganin Inna. Duk tsawon hanyar nan waya ba ta huta ba, ana ta faɗa a kan anko: wasu sun ce atamfar ta yi duhu, wasu sun ce tela ya cuce su. Ba wanda ya ambaci kuɗin gudummawa.

Bayan Maradi rana ta yi sanyi. Muka bi ta Gazawa da Tasawa, magariba ta same mu kafin Takeita. A Tirmini wani dattijo da bai ce uffan ba tun safe ya nuna duhu da haɓarsa ya ce nan ne dakarun Sarki Amadu Kuran Daga suka kara da Faransawa. A 1899 ke nan, kuma daga ranar garin ya fita hannun masu shi. Ban amsa masa ba, don idona na kan hanya ina jiran duwatsun nan manya masu kama da giwaye a durƙushe. Da fitilar mota ta haska na farko, sai na ji cikina ya juya kamar ranar da babana ya kawo ni da akwatin ƙarfe da tabarma.

A Birni, tsohuwar unguwar garin, na sauka, gidan ƙawata da tun a makaranta muke kira 'Yar Birni. Ta rungume ni, ta ce na yi ƙiba, na ce ta yi furfura, sannan ta miƙo mini bokiti rabi. "Ga na wankanki, ƙawa. Kada ki zubar da na ɗauraya, akwai baro a gefe." Na manta. Shekarun da na yi ina shan ruwan kogin Kwara sun sa na manta cewa a Damagaram ruwa baƙo ne. Garin a kan dutse yake zaune, irin wanda ko an haƙa rijiya ba ya ba da abin kirki, shi ya sa daga nesa ake jawo ruwan, daga Gogo da Macaya a kudu, da Arunguza a arewa. Turawa ma sun mai da shi babban birnin ƙasa a 1911, amma a 1926 suka tattara suka koma Yamai, kuma ƙishirwa na cikin abin da ya kore su. A tsakar gidan 'Yar Birni famfo a buɗe yake kwana, da bokiti a ƙarƙashinsa, kamar mai jiran miji matafiyi.

Da safe kafin taro na ɗan zaga. Birni bai canja sosai ba: lunguna ƙanana masu karkacewa tsakanin duwatsu, gidajen ƙasa da zane a goshin zaure, wasu an sabunta fentinsu wasu damina ta cinye rabi. Ganuwar da Sarki Tanimun ya kewaye garin da ita sai guntaye nan da can, shi da har igwa ake ƙera masa a cikin garin nan. Na tsaya a ƙofar fada na gaida dogarai da jajayen kayansu, ɗaya ya tambaye ni ko baƙuwa ce, na ce rabi da rabi. 'Yan ga-ruwa na ta wucewa da jarkoki a kura, yara na biye da su. Daga nan na tari adaidaita zuwa makaranta.

Haɗuwar tsofaffin ɗalibai dai kowa ya san yadda take: ihu, rantsuwa, "wallahi ba ki canja ba" daga bakin wanda ya ɗauki minti biyu kafin ya gane ki. Wani Bafillace ɗan ajinmu yana ganin 'Yar Birni ya fara, "Ina baiwata? Zo ki karɓi jakata." Ita kuwa Babarbariya ce, ta ce masa ya fara biyan kuɗin nonon da kakarsa ta surka da ruwa. Maza sun yi tumbi, wasu sun zama alhazai, wanda ke kwafar amsa a bayana yanzu shi ke duba aikin asibitocin jiha guda. Na yi dariya har haƙarƙarina ya yi ciwo.

Dariyar ta tsaya ne da tsohon malaminmu ya shigo, wanda muke ce wa Mushe, wato malam da Faransanci. Shi ya koya mana sassan jikin ɗan Adam, kuma a zamaninsa in ka ce jijiya ba ka faɗi wace iri ba, waje za ka ƙarasa darasi. Yanzu da sanda yake tafiya, jikansa na riƙe da hannunsa. Ya zo da ainihin rajistar ajinmu, takardunta sun yi ja. Ya ce mu zauna yadda muke zama a da, muka cusa jikinmu a kujerun da suka yi mana kaɗan, ya fara kiran suna. Mu 52 ne. Wanda ke nan ya ce "na'am, Mushe". Wanda ba ya nan sai wani ya faɗi inda yake: Agadas, Difa, Bilma, Saudiyya, Kanada, ko "ya bar aiki, yana fataucin wake". Sau shida ya kira suna aji ya yi tsit. Ba ya tsallakewa, sai ya sake kira, ya jira, sannan ya ce "Allah ya jiƙan ta" ko "Allah ya jiƙan sa", ya sa alama da fensir. Ɗaya sanƙarau ne ya ɗauke shi a annobar 2009, shekara guda kafin a kawo sabuwar allurar rigakafin nan ta ƙarshen 2010. Ɗaya kuma, wadda gadonta ke kusa da nawa, wajen haihuwa ta rasu, jini ya ɓalle mata. Ita da ta tsayar wa mata da yawa nasu.

Mu 29 muka amsa. Da ya zo kan sunan aminiyata, 'yar Gure, ni na ce, "Tana daji, Mushe, gabas da Mirriya. Ita kaɗai ce, ba mai karɓar ta." Ya ɗago kai ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "To ita ke aji, ku ne ba ku zo ba." Ya ci gaba da kira.

Wanda bai san 2005 ba, ba zai gane abin da ya ɗaure ajinmu ba. Fara ta sauka a 2004, ruwa kuma ya ɗauke da wuri, tiyar hatsi ta gagari talaka, mutane suka koma cin anza da tafasa. Muna karɓar takardar kammalawa aka watsa mu cibiyoyin tamowa a jihohin Damagaram da Maradi. Ni ban taɓa karɓar albashi ba na fara auna dantsen yara da igiyar nan mai launi uku. A lokacin ƙasa da milimita 110 ne ja, daga baya aka mai da shi 115. Yaro ya kumbura, gashi ya yi ja, fata na saɓulewa, kuma in ka ɗura masa abinci mai nauyi kai ka kashe shi. Sai madarar F-75 kaɗan-kaɗan, dare da rana, in ya farfaɗo a koma F-100, sannan tunkuzar gyaɗar nan ta cikin leda da uwa ke tafiya da ita gida. Muna 'yan shekara ashirin da 'yan kai, muna rufe idon yara uku a dare ɗaya, da safe mu sha shayi mu koma. Har yau in mun haɗu ba ma zancen, amma kowa ya san kowa ya sani.

Bayan kiran suna aka zaga da mu. A ɗakin gwaji na ga tsohuwar ƙawarmu, mutum-mutumin koyon karɓar haihuwa, ita ce dai wadda muka bari. Jaririn robar da ake turowa ta cikinta wuyansa ya taɓa tsinkewa, aka kai wa wani baduku ya ɗinke shi da jar fata, ɗinki mai kyau irin na jakar Damagaram. Wata ɗaliba siririya ta nuna mana yadda ake tare kai da juya kafaɗa, hannunta na rawa don manya na kallo. Kafin ta fara sai da ta wanke hannu, kuma nan idona ya tsaya. Akwai wurin wanke hannu na tangaran, da famfo, da takarda a bango mai hoton matakai da ke cewa a yi daƙiƙa 40 zuwa 60 ana cuɗawa da sabulu. Amma ƙawarta ce ta tsaya da buta tana tsiyaya mata, a hankali, kamar mai zuba man shanu. Na ce, "Ɗiyata, yaushe rabon famfon nan da ruwa?" Ta ce, "Yana zuwa, Mama, amma da dare, lokacin ɗakin na kulle."

Da la'asar kwamiti ya zauna a gindin dogon yaro don a yanke abin da za a yi da kuɗin da ba a tara ba tukuna. Shugabanmu, wanda bayan mun fita ya koma karatu ya zama lokotoro, wato likita, ya zo da zanen babbar ƙofa mai ginshiƙi biyu da allon dutse na sunayen 'yan 2005. Wasu suka ce a biya wa ɗalibai marasa ƙarfi kuɗin makaranta. Ni a raina sabon mutum-mutumi nake so, amma na ga ba zan samu magoya baya ba, sai na bi masu cewa a yi tanki: rumbun ruwa a ƙasa da zai cika da dare, da inji mai hasken rana da zai tura shi sama.

"Ƙofa kowa ke gani," in ji shugaba. "Mai kuɗi in zai ba da, yana son ya wuce da motarsa ya nuna wa abokinsa."

'Yar Birni ta gyara mayafi ta ce, "Ranka ya daɗe, lokotoro, ƙofa tana wanke hannu?"

Aka yi dariya, amma in za a faɗi gaskiya maganarsa ba ta banza ba ce, ya fi mu sanin masu kuɗi. Har aka kira magariba ba a daidaita ba. Bafillacen nan ne ya raba gardama: a yi tankin, amma a ɗaga shi sama sosai yadda za a hango daga kwalta, a rubuta sunan aji a jikinsa da manyan baƙaƙe. Kowa ya tashi yana ganin shi ya ci.

Daren liyafar an kama babban ɗakin taro na wani otal. Katin shiga jika 10, wato sefa 10,000, teburin manya kuwa jika 100. Ankon da aka yi ta zagi ya fito da kyau, turaren wuta da humra suka cika wuri har ba ka jin ƙamshin nama. An gayyato 'yan kasuwa, da masu sarauta, da shugabannin ma'aikatu, da tebur guda na samarin likitoci. A zamaninmu duk mai son zama lokotoro sai ya tafi Yamai ko ƙasar waje. Yanzu jami'ar garin, da aka kafa a 2010 kuma take ɗauke da sunan masanin tarihi André Salifou, tana yaye nata. Na yi ta kallon su, ƙuruciya shar, suna cin kaza da cokali mai yatsu. Abin da bai yi mini daɗi ba shi ne ɗaliban makarantarmu da aka sa rabon abinci cikin fararen rigunansu na aiki. Rigar nan ba ta ɗaukar faranti ba ce. Na faɗa wa shugaba, ya ce ai don baƙi su ga inda kuɗinsu zai je.

Jawabai sun yi tsawo, ba sai na maimaita ba. Ana tsakiyar na uku wuta ta ɗauke, aka yi minti biyar ana haska juna da waya kafin inji ya tashi, mai jawabin kuma ya koma daga farko.

Sai aka zo wurin da aka taru dominsa. An ɗauko sanƙira na gaske, mai murya kamar kakaki, ya san kakan kowa. Ya kama wani Alhaji da kirari tun daga raƙuman kakansa da ke zuwa Agadas har tirelolinsa da ke zuwa Kano, Alhaji ya ɗaga yatsa ɗaya, sanƙira ya ƙwala, "Miliyan guda!" Ɗaki ya ɗauki tafi da guɗa. Na ratsa tsakanin tebura da littafina, na durƙusa na ce, "Alhaji, Allah ya saka da alheri. A wane gida zan rubuta, hannu ko alkawari?" Ya yi murmushi ya ce, "Haba Hajiya, a gaban mutane? Ki nemi yarona." Yaron ya ba ni lamba.

A nan na gane bambancin gala da bukin da muka gada. A bukin mata ma ana shela, ana faɗin abin da kowa ta kawo, amma sai an ƙirga shi a faifai a gaban idon jama'a sannan a ɗaga murya, kuma wadda aka kawo wa ta san bashi ne, ranar bukin waccan za ta mayar har da ƙari. A gala murya ke riga kuɗi fita. Tafin an riga an biya ka shi a daren, me zai sa ka yi gaggawa da safe? Duk da haka ban raina dabarar ba. Na ga mutanen da ba su yi niyyar ba da ko dala ba sun zaro jika 20 don an ambaci sunan mahaifinsu. Aka yi gwanjon wani matashin fata, aikin dukawan garin, 'yan kasuwa biyu da ba sa ga-maciji suka yi ta ɗaga shi har ya kai kuɗin saniya, kuma wanda ya ci a take ya biya don kada abokin gabarsa ya ji labari. Ɗan ajinmu na Kanada ya bayyana a allo ta waya, da hular sanyi da Hausa mai gauraye, ya yi alkawarin jika 500. Na rubuta ina taɓe baki, don tun muna makaranta bashin kuɗin waina yake ci ba ya biya.

Ƙarfe ɗaya na dare muka baje tabarma a ɗakin 'Yar Birni, mu huɗu, muka zazzage jaka. Gidan alkawari ya haura miliyan 9. Abin da ke kan tabarma, da kuɗin kati da na gwanjo da komai, miliyan 2 ne da jika 300. Otal da abinci da sanƙira da mai ɗaukar hoto sun ci miliyan 1 da jika 400. Muka yi shiru muna kallon ragowar. Ɗaya ta ce da kowa ya aiko da kuɗin ankonsa da na motarsa ya zauna gida, da an fi haka. Wata ta ce da ba a yi taron ba, ko kuɗin ankon ba mai aikowa. Duka biyun gaskiya suka faɗa. Muna cikin haka sai muka ji famfon tsakar gida ya yi tari, ya yi tsaki, ya fara zuba. 'Yar Birni ta yi wuf ta miƙe, muka bar kuɗi a shimfiɗe muka fita da ankonmu da sarƙoƙinmu, muna miƙa wa juna bokiti da jarka da tukunya har randunan gidan suka cika.

Tikitin komawata na jibi ne, saboda haka washegari na ɗauki ankon 'yar Gure da ta biya ba ta karɓa ba, na shiga motar Mirriya. Tafiyar ba ta kai kilomita 20 ba, ga kukoki manya-manya da lambuna da tuluna jere a bakin hanya, ka ce ba ƙasa ɗaya da Birni ba. Daga can na hau kabu-kabu, muka bar kwalta muka shiga rairayi fiye da awa guda, sau biyu ina sauka ina turawa.

Asibitin nata ɗaki huɗu ne da rumfa, da firjin allurai mai aiki da hasken rana. Ita ce majo, wato shugabar asibitin, ita ce mai karɓar haihuwa, ita ce mai ba da magani, don abokin aikinta ya tafi horo, ɗayar kuma tana jego. Na same ta a rumfa da layin mata, tana auna dantsen wani yaro da igiyar nan dai. Tun 2006 aka ce yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta za a duba su, kuma mata sun ji, suna zuwa. Maganin ne ba kullum yake jin kiran ba. Ta ɗago ta gan ni, ba ta yi ihu ba, ta ce, "Ƙawa, riƙe mini ƙafarsa." Sai da layi ya ƙare muka gaisa.

Na ba ta anko, na ba ta labarin Mushe da abin da ya ce, ina zaton za ta yi ƙwalla. Ta ce, "Mushe bai san sauro ba ne." Na buɗe littafi na fara yi mata bayanin tanki. Ta saurara har na gama, sannan ta rufe littafin da hannunta ta ce, "Kina son ki yi gudummawa? Kwana 19 ban yi barcin awa huɗu a jere ba. Ki riƙe mini daren yau."

Na ce to, amma gabana ya faɗi. Shekara takwas ke nan ina ofis a Yamai, ina tattara rahoton da irinta ke aikowa, ina ja musu jan layi in sun makara. Ta nuna mini inda komai yake, ta ba ni makullin firji da fitila, ta shiga ɗaki ta ja ƙofa.

Farkon dare lafiya: wani da kunama ta harba, da yaro mai zazzaɓi da na yi wa gwajin jini a yatsa. Wajen ƙarfe uku na ji kukan amalanken shanu. Yarinya ce da ba ta wuce shekara 17 ba, cikin fari, tun azahar take naƙuda a gida. Tsohuwar ungozomar ƙauyen ce ta rako ta, ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ina majo?" Na ce ni ce yau. Ba ta gamsu ba, amma ta ɗauki buta ta tsiyaya mini ruwa, na cuɗa hannu ina ƙirgawa a zuci. Na sa safar hannu na duba, kai ya sauko. Sai na ji yatsuna sun yi nauyi kamar na aro su. Sau biyu na kalli ƙofar ɗakin 'yar Gure. Tsohuwar ta lura, ta ce a hankali, "Ɗiyata, bar ta ta kwana. Hannu ba ya mantuwa, kai ne ke tsoro."

Cibiya ta zagayo wuya sau ɗaya, na zare ta ta saman kai yadda aka koya mana da jaririn roba. Mace ce, ta yi shiru na ɗan lokacin da ya yi mini kamar shekara, na goge bayanta da ƙarfi, ta tsanyara kuka. Ban tsaya murna ba, na ɗauko allurar oksitosin daga firji na yi wa uwar a cinya kafin minti ya cika, na jira mabiyiya ta fito na duba ta cika, na dafa mara ina murzawa har na ji mahaifa ta dunƙule ta yi tauri. Ina yi ina tuna mai gadon kusa da nawa. Jinin ya tsaya. Na zauna a kan benci, sai a lokacin na ga zanena ya jiƙe, ƙafafuna na kaɗawa. Tsohuwar ta miƙo mini goro.

Sai ƙarfe takwas 'yar Gure ta fito, fuska a kumbure, tana miƙa. Ta leƙa mai jego, ta taɓa mararta, ta buɗe idon jaririya, sannan ta ɗauki rajista ta karanta abin da na rubuta. "Ba ki sa nauyi ba," in ji ta. "Ku ne masu ja mana jan layi." Ta ɗora jaririyar a sikeli ta cike gurbin da kanta.

Muna shan kunu wayata ta kama layi, saƙonni suka shigo a jere. Na farko daga kamfanin aika kuɗi: ɗan Kanada ya turo jika 500 cif, har da kuɗin cirewa. Na nemi gafarar Allah a kan taɓe bakin da na yi. Na kira lambar yaron Alhaji, ta yi ta ringi ba a ɗauka ba. Bas ɗina kuwa a lokacin ya kai Tasawa ba ni.

Mai kabu-kabu ya iso yana danna oda. Na ɗaure jaka, sai ta ce in ba ta littafin. Ta bi sunaye da yatsa tana gyaɗa kai, ta tsaya a kan nawa, inda na yi alkawarin jika 100 na biya 40.

"Ma'aji ma?" ta ce.

Na ce ai wata bai ƙare ba.

"To rubuta mini jika 10."

Na miƙa hannu. Ta buge shi ta ce, "A gidan tsakiya, ƙawa. Sai albashi."